Haɗa matsi da zafi a manhajar lissafin sitires: inda aka fi yin tuntuɓe

Matsi da zafi ba halinsu ɗaya ba, ko da manhaja ta jera su wuri guda. Matsin da ke cikin bututu yana tura bangonsa ko an ɗaure shi ko an sake shi. Zafi kuwa miƙar da ƙarfe yake yi. Sai an hana ƙarfen miƙewa, ko wani ɓangare ya fi wani zafi, sannan sitires, wato ƙarfin ja ko dannawa da ke cikin jikin ƙarfen, ya bayyana. Yawancin kurakurai daga nan suke tasowa.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗaure samfuri tamau, wato siffar bututun da aka zana a manhaja. Mutum ya sa Fixed Support, wato madogarar da ke hana motsi gaba ɗaya, a bakin bututu biyu a manhajar ANSYS don dai lissafi ya tafi. Da matsi kaɗai, da wuya a ga illar. To ƙara zafi ka gani. Ƙarfen gama-gari yana miƙewa kusan milimita 1.2 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri 100. Ka hana shi motsi gaba ɗaya, sitires ya kai kusan megafaskal 240 (ma'aunin sitires ke nan), dab da 250 inda ƙarfen gini mai lamba A36 ke fara sallamawa. Sai ka ga jan launi, alamar sitires mai yawa, ya cika allo, injiniya ya ƙara kaurin bango, alhali kauri ba ya rage wannan sitires ɗin, sai ma ya ƙara ƙarfin da ke danna madogara. Gyaran shi ne ka je ka duba yadda bututun yake zaune a zahiri: ina aka kafe shi, ina yake zamewa a kan sirdinsa. Ka ɗaure abin da aka ɗaure kawai.

Sai zafin farawa, wato zafin da ƙarfe yake ciki ba tare da sitires ba. ANSYS Workbench yana ɗaukar digiri 22 idan ba ka canza ba, manhajar Abaqus kuma sifili idan ba ka bayar ba. Bututun da aka yi wa walda da tsakar rana a Sakkwato cikin Afrilu bai fara daga 22 ba. Sa zafin ranar girkawa.

Idan ka yanki guntun bututu don lissafi, kar ka manta turin da matsi ke yi wa marufin ƙarshe. Shi ke jawo sitires na tsawo, rabin na kewaye.

Wasu kan lissafa matsi daban, zafi daban, sannan su tara sakamakon von Mises biyu, wato lambar da ke dunƙule dukkan sitires ɗin da ke wuri guda. Wannan ba daidai ba ne, domin von Mises ba ya nuna ja ne ko dannawa, kuma wani lokaci ɗayan rage ɗayan yake yi. Ka sa su cikin lissafi ɗaya. Inda akwai fulanji da gasket, wato mahaɗar bututu mai kusoshi da abin da ake sa wa a tsakani don hana yoyo, ka bi jerin aiki: ɗaure kusoshi tukuna, sannan matsi da zafi yadda suke zuwa a masana'anta. Ka kuma ba manhajar halayen ƙarfe a zafin aiki, don ƙarfinsa a digiri 400 bai kai na zafin ɗaki ba.

Amma haɗa su ba ya nufin auna su da mudu ɗaya. Ƙa'idar tukwanen matsi ta ASME, ƙungiyar injiniyoyin Amurka, sashe na 8 kashi na 2, ta ware sitires na farko, irin na matsi, daga na biyu, irin na zafi, ta kuma yarda jimillarsu ta kai ninki uku na iyakar da ta gindaya wa na farko. Don haka kana buƙatar sakamakon matsi shi kaɗai, da na haɗin, kowanne da iyakarsa. Idan kuma ana yawan kunna na'urar da kashewa, sai ka ƙara da lissafin gajiyar ƙarfe, wato tsagewar da yawan maimaita sitires ke jawowa.