Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Askirim na Cuku a Gida

Tun da matan layinmu a Tudun Wada suka ji cewa ina yin askirim da ɗanyen cuku mai laushi, wato wanda ake samu idan an tsinke madara da ruwan lemun tsami, da wuya mako ya wuce wata ba ta shigo da roba a hannu tana cewa, "Yaya, duba mini, me ya sa nawa ya zama haka?" ba. Matsalolin ba su da yawa, amma su ɗin dai ake ta maimaitawa, har na gaji da faɗa da baki. Abin da ya sa muke ɗaukar wannan wahala shi ne furotin, sinadarin da ke gina jiki: giram 100 na irin wannan cuku yana ɗauke da kimanin giram 11, alhali madara mai nauyin haka ba ta wuce giram 3 da ɗoriya ba.

Ɓarnar farko tana faruwa tun a tukunya. Idan sabuwar madarar shanu kika saya, wajibi ne ki tafasa ta, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da na tarin fuka. Bayan ta tafasa ki sauke, ki bar ta kamar minti uku, sannan ki riƙa zuba ruwan lemun tsami kaɗan-kaɗan, cokali biyu zuwa uku a kowace lita, har sai curin ya rabu da ruwan. Masu antaya lemun tsami gaba ɗaya su ne askirim ɗinsu ke tsami kamar tsohon gasara. Ki tace a kyallen tatar koko mai tsabta, ki ɗauraye curin da ruwan sanyi, ki bar shi ya tsane sosai. Awara kuma ba cuku ba ce, da waken suya ake yin ta, kada ki musanya.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai, domin ni ma ya taɓa ja mini asara da kunya, shi ne cire maiƙo da zaƙi gaba ɗaya da sunan neman lafiya. A wani watan azumi na shirya wa dangin maigida buɗa-baki, na tsinke lita huɗu na madarar da aka yaɗe maiƙonta, na ƙi sa sukari ko zuma saboda surukata tana kaffa-kaffa da zaƙi. Da aka sha ruwa na fito da robar, sai ga dunƙulen ƙanƙara wanda cokali ya kasa shiga, da ya narke kuma sai ya koma ruwa a sama, tsaki-tsaki a ƙasa. Haka baƙi suka tashi ba wanda ya kai shi baki, madarar nan duka ta tafi a banza. Daga baya na fahimci dalili. Yawancin nauyin irin wannan cuku ruwa ne, ruwa kuma idan ya daskare ƙanƙara yake zama. Sukari, ko na dabino ne ko na zuma, yana hana wani ɓangare na ruwan daskarewa, maiƙo kuma yana shiga tsakanin ƙwayoyin ƙanƙarar ya hana su haɗewa su yi girma. Wadda ta cire su biyun ta cire abin da ke sa askirim laushi, don haka kada ta zo tana zargin firiza ko bilenda. Ni yanzu a kofi biyu na cuku nakan sa dabino takwas da aka jiƙa aka cire ƙwallonsu, da nunanniyar ayaba ɗaya, da cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da rabin kofi na kindirmo mai kauri. Mai ciwon sukari ta sani cewa dabino da zuma ma suna ɗaga sukarin jini, saboda haka ta rage yawan abin da za ta sha a zama ɗaya.

Sai gaggawa wajen markaɗe. Cukun shi kaɗai da kindirmon za ki fara markaɗawa, ki tsaya ki kankare gefen bilenda, ki sake, har sai kin murza shi tsakanin yatsu biyu ba ki ji tsaki ba, sannan sauran kayan su biyo baya. Duk gudajin da kika bari a nan, sanyi ba zai gyara shi ba.

Ɗanyar abarba da gwanda ba sa shiri da madara, domin suna da sinadarin da ke farfasa furotin ya bar ɗaci a baki; ki dafa abarbar tukuna, ko ki koma ga mangwaro.

Wani abin kuma da nake ɗaga murya a kansa shi ne mayar da narkakken askirim cikin sanyi. Kowa a Zariya ya san yadda ake ɗauke wuta, musamman a zafin Maris da Afrilu, a wayi gari kayan firiza sun saki. Na taɓa ganin nawa ya narke, wuta ta dawo ya sake daskarewa, na ji tausayin kuɗin da na kashe, sai na ba yara suka sha. Ƙaramin ɗana ya kwana yana amai da gudawa, muka wuni a asibiti ana ƙara masa ruwa, kuma har yau idan na tuna gabana yana faɗuwa. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake yi, da zarar madara ta ɗumama kuma sai su ci gaba da hayayyafa. Don Allah, 'yar'uwa, kada tsadar madara ta sa ki yi caca da cikin yaranki. Wanda ya narke ya zama ruwa kuma ba ki san tsawon lokacin da ya yi a haka ba, zubar da shi za ki yi. Dabarar da na riƙe ita ce daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, in ɗora 'yar tsakuwa a kan ƙanƙarar, in ajiye kusa da askirim. Idan na tarar da tsakuwar ta nutse ƙasa, na san kayan sun narke a bayan idona. Kuma na daina yin mai yawa. Wanda za a shanye cikin kwana biyu ko uku nake yi, a ƙananan robobi, can ƙuryar firiza nesa da ƙofa.

Sauran ƙanana ne. Bayan kin sa askirim ɗin a firiza, ki riƙa fito da shi kina juyawa da cokali mai yatsu duk bayan minti 30 a awa biyun farko, wannan yana rage ƙanƙara ƙwarai. Ki rufe robar ruf, in ba haka ba zai ɗauki ƙarnin kifi da naman da ke kusa da shi. Ɗan gishiri a bakin yatsa yana fito da zaƙin dabino. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko a cikin askirim ne. Idan kuma ya kwana a firiza, ki ajiye shi a waje minti 10 zuwa 15 kafin ki sa cokali, domin irin wannan ya fi na kanti tauri ko da an yi shi daidai.