Babi na Bakwai: Yadda Ake Shimfiɗa Karta Don Wasan Mutum Ɗaya

Akwai wasan karta da mutum yake yi shi kaɗai, ba abokin karawa, ba kuɗi a ƙasa, saboda haka ba ruwansa da caca. Amurkawa suna kiransa Solitaire, mutanen Ingila kuma suna ce masa Patience, wato haƙuri. Mutane da yawa sun fara ganinsa ne a kwamfuta, tun da kamfanin Microsoft ya saka shi cikin Windows a shekarar 1990 domin sababbin masu koyo su saba da jan abu a kan allo. Mun kawo shi cikin wannan littafi ne saboda wanda ya shimfiɗa karta da hannunsa dole ya ƙirga, ya gane lamba, ya jera babba da ƙarami, kuma waɗannan su ne abubuwan da ɗalibi yake bukatar maimaitawa kullum.

Kafin komai a duba kartar da ke hannu. Ana bukatar mai guda 52, wadda ta kasu iri huɗu, kowane iri guda 13. Iri biyu jajaye ne, wato mai zuciya da mai kusurwa huɗu, biyu kuma baƙaƙe, wato mai ganye uku da mai kama da kan mashi. Harafin A yana matsayin ɗaya, sai 2 har zuwa 10, sannan J da Q da K, waɗanda suke matsayin 11 da 12 da 13. A cire joka, wato ƙarin kartar da ba ta cikin iri huɗun nan, a ajiye gefe. Kartar Whot da aka saba gani a Najeriya ba za ta yi wannan aiki ba, domin ba ta da 6 da 9. A ƙirga kartar sau biyu, domin idan guda ɗaya ta ɓace, wasan ba zai taɓa ƙarewa ba komai ƙwarewar mai yinsa. Daga nan a gauraya ta sosai, a zauna a inda iska ba ta kaɗawa.

Shimfiɗar da ta fi shahara ita ce ta Klondike, sunan wani yanki a ƙasar Kanada da aka yi rububin haƙar zinariya a ƙarshen ƙarni na 19. Tana da layi bakwai, kuma a nan ne masu koyo suka fi yin kuskure, don haka a bi ta a hankali. A fara daga hagu a ajiye karta ɗaya a buɗe, sannan a ajiye shida a kife, ɗaya bayan ɗaya zuwa dama. A zagaye na biyu sai a tsallake layin farko, a ɗora ɗaya a buɗe a kan layi na biyu, a ɗora biyar a kife a kan sauran. Haka za a ci gaba, kowane zagaye ana tsallake ƙarin layi guda, har a zo zagaye na bakwai inda karta ɗaya tak za a ɗora a buɗe a kan layin ƙarshe. Kada a rufe karta da 'yar'uwarta gaba ɗaya. A ja wadda ke sama zuwa ƙasa kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu, yadda za a iya ƙirga waɗanda ke ƙarƙashi ba tare da an ɗaga su ba.

Idan an yi daidai, layin farko yana da ɗaya, na biyu biyu, har zuwa na bakwai mai bakwai, jimilla 28, kuma bakwai ne kawai suke a buɗe. Abin da ya rage a hannu 24 ne. Ina shawartar ɗalibi ya ƙirga wannan ragowar kowane lokaci, domin ita ce shaidar shimfiɗa: idan ya sami 23 ko 25, to akwai layin da ya samu ƙari ko ragi. A ajiye ragowar a kife a sama ta hagu, a bar gurbi huɗu a sama ta dama, inda za a gina kowane iri daga A zuwa K. A cikin layukan kuwa ana sauka ne, ja a kan baƙi, baƙi a kan ja, misali jan 6 a kan baƙin 7.

Wata shimfiɗar mai suna FreeCell ta fi sauƙin shimfiɗawa, domin babu abin da ake kifewa kuma babu ragowa. Ana raba dukkan 52 a buɗe cikin layi takwas, huɗu na farko su sami bakwai bakwai, huɗu na ƙarshe shida shida. A sama a bar gurbi huɗu na gini, da wasu huɗu na ajiyar wucin gadi, kowannensu karta ɗaya yake ɗauka.

Shimfiɗar da ake kira Spider kuwa tana cin karta kwali biyu, wato 104, don haka tana son tabarma ko babban teburi. Layi goma ne, huɗu na farko shida shida, sauran shidan biyar biyar, jimilla 54, kuma ta saman kowane layi ce kaɗai a buɗe. Ragowar 50 a kasa ta kashi biyar, goma goma, tun kafin a fara.

Ga mai son ƙarfafa lissafinsa, shimfiɗar dala ta fi kowace amfani. A sa karta ɗaya a sama, a jera biyu a ƙarƙashinta suna ɗan rufe ta, sannan uku, har sahu na bakwai, duk a buɗe, jimilla 28. Ana ɗauke karta biyu ne idan babu abin da ya danne su kuma jimillarsu ta kai 13, kamar 9 da 4, ko Q da A, ko J da 2. K ita kaɗai ake ɗauke ta.

Aikin gida: ɗalibi ya shimfiɗa Klondike sau uku, kowane lokaci ya rubuta adadin ragowar a littafinsa, sannan ya rubuta dukkan karta bibbiyu da jimillarsu take ba da 13, ya kawo wa malami a darasi na gaba.