Darasi na Bakwai: Yadda Ake Gane Rijiyar Burtsatse Ta Fara Toshewa

Rijiyar burtsatse ba ta mutuwa dare ɗaya. Tana yin watanni tana nuna alamu, amma a yawancin ƙauyukanmu na Jigawa ba a kiran makaniki sai ranar da famfon tuƙa-tuƙa ya ƙi kawo ko ɗigo, alhali kuwa a lokacin kuɗin gyara ya riga ya ninka.

A can ƙasan rijiya akwai bututu mai ƙananan tsagu wanda yake tace yashi ya bar ruwa ya shigo. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda suke rayuwa da sinadarin ƙarfen da ke narke a cikin ruwa, suna barin wani yauƙi mai launin tsatsa da yake taruwa sannu a hankali har ya liƙe tsagun. Wasu irinsu kuma suna haifar da baƙin yauƙi da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Gwaji mafi amfani ba ya bukatar na'ura. A ware jarka ɗaya mai lita 25, a sa mutum ɗaya ya riƙa buga famfon da sassafe ranar farko ta kowane wata, a ƙirga bugu nawa ya cika ta, sakataren kwamitin ruwa ya rubuta adadin da kwanan wata a littafi. Idan bugun yana ƙaruwa wata bayan wata, to akwai matsala. Sai dai kada a yi saurin yanke hukunci, domin a bazara ruwan ƙasa yakan ja baya, kuma robar famfo idan ta cinye ita ma tana rage ruwa. Shi ya sa ake kwatanta Afrilun bana da Afrilun bara, ba da Agusta ba.

A kuma zuba ruwan a farar kwalba a bar shi ya kwana, a duba ko jan laka mai santsi ya kwanta a gindi. Idan an ga wani maiƙo yana ƙyalli a saman ruwan da ya taru a bakin magudana, a taɓa shi da tsinke: na ƙwayoyin halittar nan masu rayuwa da ƙarfe yana tsattsagewa gutsi-gutsi, na man inji kuwa yana sake haɗewa nan take.

Idan alamu biyu suka haɗu, kwamiti ya kai littafin ga sashen ruwa na ƙaramar hukuma, domin a zaro bututun famfon, a kankare shi, a wanke rijiyar da kulorin. Kada kowa ya sha ruwan sai an buga famfon har warin maganin ya ɓace.