Kurakuran da aka fi yi wajen sauya saitin ƙwaƙwalwar tsohuwar mota marar turbo

Kuskuren farko tun kafin a jona kwamfuta a jikin mota ake tafka shi, domin daga buri yake farawa. Mai mota zai ji labarin wata Golf mai turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, da ta ƙara ƙarfi sosai bayan an taɓa mata ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, sai ya ɗauka tsohuwar Honda Accord ko Peugeot 406 ɗinsa ma haka za ta yi. Injin da ba shi da turbo kuwa, iskar da yake zuƙa da kansa ita ce iyakarsa, kuma babu lissafin da za a rubuta masa ya ƙara ta. Shi ya sa irin wannan mota take ɗan yin sanyi idan aka hau da ita Jos, mai tudun kusan mita 1,200. Abin da mai saiti yake iya juyawa galibi bai wuce lokacin da fulogi ke ba da wuta ba, da yawan man da nozul ke fesawa, da iyakar juyin inji, kuma ribar da ake samu a nan kaɗan ce, sau da yawa ma direba ba ya jin ta a ƙafarsa.

Mafi yawan motocin da ake kaiwa saiti kuma gyara suke nema. A garejojinmu an saba cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai don kada mota ta yi zafi, alhali an ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan ya daɗe bai kai nan ba, ƙwaƙwalwa tana ɗauka har yanzu sanyi yake, sai ta yi ta ƙara masa mai, mai mota kuma yana kukan shan mai yana zargin ta. Haka lamarin yake idan fulogi ya gaji, ko na'urar auna iska ta cika da ƙurar hunturu, ko famfon mai ya yi rauni. A mayar da tamostat, a wanke nozul, a sauya filtar iska, a auna matsin kowace silinda. Galibin ƙarfin da ake nema a nan yake dawowa, kuma saitin da aka ɗora a kan lalatacciyar na'ura ƙarya aka gina a kan ƙarya.

Inda ake kashe inji shi ne wajen gaggauta wutar fulogi. Fayil ɗin da ake saukewa daga intanet galibi an rubuta shi ne don fetur mai oktan 98 (oktan shi ne awon juriyar mai kada ya fashe da kansa) da yanayin Turai, sai a zuba shi a motar da za ta tsaya a cunkoson Kano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, da man da aka saya a jarka. Sakamakon shi ne wani ɓangare na man yana fashewa da kansa, a riƙa jin ƙara kamar ta tsakuwa a gwangwani idan an taka totur a hawa, kuma idan abin ya ɗore, fistin da ringi da gasket ne suke biya. Maganinsa a yi saitin da man da motar take sha kullum, a bar tazara, kada kuma a kashe na'urar da ke jin wannan ƙara. Rage mai don neman tattali ma haɗarinsa ɗaya ne: a tafiyar yau da kullum ƙwaƙwalwa tana riƙe da awon iska 14.7 ga mai 1, amma idan aka danne totur injin yana buƙatar wajen 12.5 zuwa 13, kuma ƙarin man shi ne yake sanyaya shi.

A wajen rubutun kansa, wanda bai kwafe ainihin fayil ɗin motar ya adana ba ya toshe wa kansa hanyar komawa. Batir mai rauni ko kwamfutar da cajinta ya ƙare ana tsaka da aiki na iya barin ƙwaƙwalwar a mace, kuma ta gwanjo da za a sayo ba lallai ta amsa makullin motar ba sai an sake haɗa su. Sannan ba kowace ƙwaƙwalwa ce ake rubutawa ta soket ba. Tsarin OBD-II, wato na soket ɗin da ake jona kwamfuta a mota, ya zama dole a Amurka a 1996, kwatankwacinsa kuma a motocin fetur na Turai a 2001; da yawa daga cikin waɗanda suka girmi haka, kamar Honda Civic ta 1992 zuwa 1995, sai an buɗe akwatin an yi aikin dalma a kan allon.

Cire abin da makanikai ke kira indomi, wato matatar hayaƙi, daga salansa tare da goge fitilar gargaɗi ba ƙarin ƙarfi ba ne, sai dai idan dama ya toshe. Hayaƙi mai guba kawai ake saki, a kuma rufe bakin abin da zai sanar da matsala gobe. A motocin da toturinsu na lantarki ne, wasu masu saiti sa shi kawai suke yi ya riƙa buɗewa da wuri, mota ta riƙa zabura, ƙarfinta kuwa yana nan yadda yake. Don haka a auna kafin aiki da bayansa, a kan na'urar gwajin ƙarfi idan akwai, ko a titi ɗaya da giya ɗaya da mai iri ɗaya, agogo a hannun wanda ke zaune a gefe.