Kurakuran da sababbin ma'aikata ke maimaitawa a tashar rarraba wuta

Wutar Zariya daga Mando a Kaduna take taho a kan layin kilobolt 132, a sauke ta zuwa 33, layin kuma ya zarce Funtuwa da Gusau. Kuskuren da aka yi a nan, har can ake jin sa. Duk da haka kowace shekara yaran da suka fito daga jami'ar Samaru ko kwalejin Nuhu Bamalli kurakurai iri ɗaya suke maimaitawa.

Mafi muni shi ne buɗe aisoleta, wato makunnin da ke ware layi bayan an kashe wuta, alhali layi na ɗauke da lodi. Aisoleta ba bireka ba ce. Bireka, wato makunnin da ke katse wuta tana gudana, tana da gas ko mai da ke kashe tartsatsi, ita kuwa aisoleta ƙarfe ne a fili. Ka ja ta da wuta a kai, harshen wuta zai biyo bakin ƙarfen ya narkar da shi, ya tsallaka zuwa wayar kusa, kai kuma kana tsaye a ƙarƙashi. Bireka ake fara buɗewa, a duba mita a ga amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, ta koma sifiri a wayoyi ukun, sannan aisoleta, a gwada babu wuta, sannan a haɗa layin da ƙasa. Wajen mayarwa daga ƙarshe ake farawa. Kada ka yarda da fitilar allo kaɗai, ka taka da ƙafarka ka ga birekar. Gaggawar me kake yi?

Sai wasa da tap ɗin taransifoma, wato abin da ake ɗaga bolti ko sauke shi da shi. Wasu na zaton ɗaga shi zai ƙaro megawat. Ina! Megawat bambancin kusurwa tsakanin bakin layi biyu yake bi, bolti kuwa megaba yake motsawa, wato wutar da ke kai-komo a layi ba ta yin aiki. Idan taransifoma biyu masu ƙarfin MVA 30 (ma'aunin girman taransifoma) suna aiki tare, kowace da turjiyar kashi 10 cikin ɗari, aka bar tap ɗinsu da tazarar mataki biyu na kashi 1.25, kusan amfiya 65 za ta riƙa zagaye tsakaninsu a banza, cikin 525 da kowace ke iya ɗauka a ɓangaren 33. Man taransifoma ya yi zafi, ba gidan da ya ƙaru da haske. Ni dai ban yarda a haɗa su ba sai an karanta lambar tap ɗin da baki, wani ya maimaita.

Kafasita, wato na'urar da ke tallafa wa bolti, a cire ta da dare idan lodi ya faɗi, in ba haka ba bolti zai haura. In an cire, a jira aƙalla minti 5 kafin a mayar.

Kada a taɓa kwance wayar taransifomar awon amfiya layi na aiki, a haɗe bakinta biyu da juna tukuna.

Ƙurar hunturu da ke kan tangaran ɗin da ke riƙe waya a goge ta kafin yayyafin farko. A zafin Afrilu kuma waya na saki ta sauko, don haka lodin da layi ya ɗauka lafiya a Janairu, a rage shi.