Lokacin da Ya Dace a Rufe Kwalbar Zoɓo da Yadda Ake Rufe Ta

Duk mai dafa zoɓo a gida a Kano, ko don iyali ko don sayarwa, ta san cewa tsakanin watan Maris da Mayu, lokacin da zafi kan kai maki 40, zoɓon da aka dafa da hantsi yana iya sauya ɗanɗano kafin gari ya waye. Dalili shi ne ƙwayoyin yis da ke yawo a iska, da waɗanda ke maƙale a ɓawon abarba da rariya da hannu, suna cin sukarin da ke ciki, su riƙa fitar da iska da barasa kaɗan-kaɗan. Masu yin giyar inabi a Faransa sukan jira wannan tsimuwa ta ƙare kafin su toshe kwalba, domin iskar da ta taru tana iya fasa gilashi. Mu kuwa, da addini da dokar jiha suka haramta barasa, dole ne mu rufe kwalba tun tsimuwar ba ta fara ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne a tace zoɓo, a bar shi a buɗe ya huce, sannan a zuba sukari da ɗanyen ruwan abarba a juya. Duk abin da ya shiga bayan an sauke tukunya bai ga wuta ba, kuma da shi ƙwayoyin ke shigowa. Abin da ya fi shi ne a dafa zoɓon da citta da kanumfari, a tace, a zuba sukari da abarbar, a mayar kan wuta ya sake tafasa na minti biyar.

Idan kwalbar gilashi ce, da zafinsa ake ɗura shi. A wanke kwalaben, a tafasa su minti goma tare da murafensu da mazurari, kuma a yi ɗurin tun suna da ɗumi, saboda gilashi mai sanyi yana tsagewa idan ruwan zafi ya faɗa masa. A bar sarari kamar faɗin yatsu biyu a wuyan kwalba, a goge bakinta da tsumma mai tsabta, a ɗaure murfi nan take, sannan a kwantar da ita minti biyu ko uku domin zafin ya taɓa cikin murfin. Tsamin da Allah ya yi wa zoɓo yana taimakawa ƙwarai a nan, amma ko da haka wuri mai sanyi ya fi dacewa da ajiyarsa.

Robar lemo da ta ruwa, waɗanda akasarin masu sana'ar ke amfani da su, ba sa jure wannan zafi. Lanƙwashewa suke yi. Don haka sai a rufe tukunyar, a tsoma ta cikin baho mai ruwan sanyi ta huce da wuri, a ɗura, a rufe, a kai firji ko kula mai ƙanƙara ba tare da jinkiri ba. Wadda za a daskarar kada a cika ta, domin ruwa yana ƙara girma idan ya zama ƙanƙara. Ina ba da shawarar a sayi sabuwar roba mai murfi da zobe, domin tsintacciyar roba ba wanda ya san ko magani ko kalanzir ta taɓa ɗauka.

Bayan an rufe, a riƙa dubawa, musamman idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba. Robar da ta yi tauri idan an matsa ta, ko ta yi tsaki da kumfa lokacin buɗewa, ko ƙanshinta ya koma tsami-tsami, ta riga ta fara tsima. A zubar da ita, kada a sake tafasawa a ɗura wa mutane.

Kunun aya ba shi da tsamin zoɓo, saboda haka rufewa ba ta ƙara masa kwana: a yi daidai na yini guda, a ajiye shi cikin sanyi har ya ƙare. A rubuta ranar ɗuri a jikin kowace kwalba, wadda kuma ke son kai kayanta kantuna sai ta nemi rajistar NAFDAC tukuna.