Yadda Ɗan Kasuwa Zai Kare Bayanan Kwastomomi Da Kuɗinsa A Waya Da Kwamfuta

Wata rana da yamma na tsaya sayen awara a bakin titi, yarinyar ta ƙunshe min a farar takarda. Sai da na cinye na lura da abin da ke jikin takardar: kwafin takardar NIN ce ta wata mata, ga hotonta, ga cikakken sunanta, ga lambarta guda 11, ga adireshin gidanta, mai ya jiƙa gefe ɗaya amma komai yana karantuwa. Daga wani shagon fotokwafi aka kwaso tarin takardun da suka lalace aka sayar wa masu soye-soye. Mai shagon ba mugu ba ne. Bai dai taɓa ɗaukar takardar a matsayin amana ba, shi a wurinsa shara ce.

Abin ya tsaya min a rai, domin yau kusan kowane ɗan kasuwa yana riƙe da irin wannan amanar. Mai POS yana ganin lambar asusu da katin mutane. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari wayarsa cike take da lambobin dillalai da hotunan rasit. Matar da ke sayar da turaren wuta daga ɗakinta ta WhatsApp ta san adireshin gidajen mata da yawa. Ga matakan da za a bi, kuma yawancinsu lokaci suke ci, ba kuɗi ba.

Mataki na 1: Ka san abin da ka riƙe, ka rage shi

Ɗauki biro da takarda ka zauna. Bayanan wa kake da su, kuma ina suke? Cikin waya, cikin kwamfutar shago, cikin littafin bashi, cikin aljihun tebur. Kowanne ka tambayi kanka: shin cinikina zai tsaya idan babu wannan? Hoton katin zaɓen wanda ya sayi buhun shinkafa bara ba shi da amfanin da zai maka. Goge shi. Takardun da suka lalace a yayyaga su ƙanana ko a ƙona, kada a bai wa mai ƙosai. Abin da ba ka ajiye ba, ɓarawo ba zai same shi a wurinka ba.

Wannan ba shawara ba ce kawai, doka ce. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Dokar ta ce a karɓi iya bayanin da ake buƙata, don dalilin da aka faɗa wa mai shi, kuma kada a riƙe shi fiye da lokacin buƙata. Kwastoma na da ikon tambayar abin da ka sani a kansa, ya ce a gyara ko a goge. Tarar saɓawa ga ƙaramin mai sana'a za ta iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Manyan masu riƙe da bayanai kuwa miliyan 10 ne ko kashi 2 ɗin.

Mataki na 2: Kulle waya, kulle layi, kulle WhatsApp

A nan zan daɗe, saboda a nan aka fi cutar mutanenmu. Wayarka ita ce shagonka na biyu, wani lokacin ma dukiyar da ke cikinta ta fi ta cikin shagon.

Fara da makullin allo: lamba shida ko zanen yatsa. Ba shekarar haihuwarka ba, ba 123456 ba. Sannan ka sa a ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa idan waya na kulle, domin lambar da banki ke turowa kada ta bayyana ga duk wanda ya ɗaga wayar.

Sai layin kansa, wanda mutane da yawa ba su san yana da nasa makullin ba. Ɓarawon waya a yau sau da yawa ba wayar ce ta dame shi ba. Yana cire sim ya sa a ƙaramar waya, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, daga nan ya shiga neman hanyar taɓa asusunka. Idan ka sa wa sim lambar sirri daga wurin saitin tsaro na waya, duk wayar da aka sa shi sai ya nemi lambar. Ka yi hattara dai: kuskure sau uku yana rufe layin, sai da lambar PUK wadda ke jikin katin da sim ya zo a ciki. Ka nemo katin nan ka adana kafin ka fara.

WhatsApp kuwa, ga yadda suke yi. Wani maƙwabcina a kasuwa aka kira shi ana azahar, murya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, daga guruf ɗin 'yan kasuwa ne, za a yi taro ta intanet da daddare, mun turo maka lambar shiga, karanto min in sa sunanka." Yana auna wa kwastoma yadi, waya a maƙale a kafaɗa, ya karanta lambobi shida. Kafin la'asar an fitar da shi daga WhatsApp ɗinsa, kuma wani yana bin abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya da sunansa da hotonsa yana cewa a turo kuɗin kaya wani sabon asusu, wai tsohon ya samu matsala. Mutum biyu sun tura. Kuɗin ya biya su daga aljihunsa, amma kunyar ta fi kuɗin yi masa ciwo.

Lambobi shidan nan, waɗanda WhatsApp ke turowa idan za a buɗe shi a wata waya, su ne mabuɗin asusunka na WhatsApp. Babu taro, babu tallafi, babu ƙungiyar da ke buƙatarsu. Maganin kuma minti biyu ne: shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification, ka ƙirƙiri taka lambar shida, ka haɗa da adireshin imel ɗinka. Da wannan, ko an yaudare ka ka karanta lambar farko, ɓarawo zai ci karo da ƙofa ta biyu. Lokaci zuwa lokaci ka leƙa Linked devices, in ka ga na'urar da ba ka sani ba ka fitar da ita. Irin wannan tabbatarwa mai hawa biyu ka sa ta a imel, Facebook da Instagram. Imel ɗin ya fi kowanne muhimmanci, don ta nan ake sabunta kalmar sirrin sauran.

Mataki na 3: Kowane asusu da kalmar sirrinsa, kowane yaro da iyakarsa

Kada kalmar sirrin banki ta zama ita ce ta Facebook. Kalmar sirri mai tsawo ta fi wuyar fasawa: haɗa kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna, ka sa lamba a tsakani. In ba za ka iya riƙewa ba, rubuta a littafi ka ajiye a gida inda kake ajiye takardun fili, ba a bayan kalandar shago ba.

Yaran shago kuma a ba kowa iya abin da aikinsa ke buƙata. Mai karɓar oda ba ya buƙatar lambar cire kuɗi. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce gare su ma, domin ranar da kuɗi suka ɓace ba za a rataya wa wanda bai ji ba bai gani ba. Ranar da yaro ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu, a canza kalmomin sirrin da ya sani a ranar.

Mataki na 4: Kada kaya su fita sai ka ga kuɗi da idonka

Alat na bogi da rasit na bogi sun zama ruwan dare. Saƙon tes ana ƙirƙirarsa, hoton rasit ana gyara shi. Shaida ɗaya ce: ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun hau kan abin da kake da shi. Ko mai saye na cewa motarsa za ta tashi, ka ce ya yi haƙuri. Gaggawa ita ce babban makamin ɗan damfara.

Haka idan dillalinka na Legas ko Guangzhou ya aiko cewa ya canza asusu. Kada ka tura ko sisi sai ka kira shi a tsohuwar lambar da ka san shi da ita, ba wadda ta zo cikin saƙon ba. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun sauti, saƙon murya ma bai isa shaida ba. Ka tambaye shi wani abu da ku biyu kaɗai kuka sani, kamar adadin bandir ɗin da ya turo maka a zuwan ƙarshe. Kuma ka koya wa yaranka cewa banki ba ya kira ya nemi lambar sirrin kati ko lambar da ya turo ta tes.

Mataki na 5: Sabunta manhaja, ajiye kwafi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Birtaniya suka riƙa ɗage ganin marasa lafiya. Alhali kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran kafar da manhajar ta bi ta shiga Windows tun watan Maris. Waɗanda abin ya shafa ba su sabunta ba ne. Windows 7 an daina yi mata gyaran tsaro tun Janairun 2020, amma har yanzu tana kan tebura a shagunanmu. Idan waya ko kwamfuta ta nemi sabuntawa, ka ba ta data ta yi. Manhaja kuma daga Play Store ko App Store kaɗai, ban da irin su GB WhatsApp, wato WhatsApp na jabu da ake turawa hannu da hannu.

Lissafin kasuwa da littafin bashi a yi musu kwafi biyu: ɗaya a ma'ajiyar intanet ta Google Drive ko makamanciyarta, ɗaya a filas da ba ya kwana a jikin kwamfuta.

Mataki na 6: Kai ma kada ka zama mai tona asirin

Duk makullan can na sama ɓarawon waje suke tarewa. Wannan matakin tsakaninka ne da Allah. Lambar da mace ta ba ka don a kai mata kaya, don kai kaya ta bayar. Ba don ka jefa ta a guruf ɗin talla mai ɗaruruwan baƙi ba tare da ka tambaye ta ba, ba don yaron shago ya riƙa kiranta da dare ba, ba don ka miƙa wa ɗan siyasa jerin lambobi lokacin zaɓe ba. In za ka sa rasit a sitatus don nuna ana ciniki, rufe suna da lambar asusu. In za ka sa hoton kwastoma da kayan da ka ɗinka mata, nemi izininta, in ta ce a'a magana ta ƙare.

Wanda ya fi damuna shi ne batun bashi. Mun ga yadda wasu manhajojin ba da rance suka riƙa kwashe lambobin da ke wayar mutum suna aika wa surukansa da abokan aikinsa cewa ɓarawo ne, har hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Duk mun yi tir. To ɗan kasuwar da ya manna hoton wanda yake bi bashi a Facebook, me ya raba shi da su? Haƙƙinka ne a biya ka, kuma hanyoyi na nan: dattawan kasuwa, mai unguwa, kotu. Tozarta mutum ba ya cikinsu, kuma addininmu ya yi umarni da suturta ɗan'uwa.

Haka nan manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT. Suna taimakawa wajen rubuta talla da tsara lissafi, ni ma ina amfani da su. Amma abin da ka rubuta a ciki ya bar wayarka ya tafi kwamfutocin wani kamfani. A 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irinsu a na'urorin aiki bayan wasu sun zuba bayanan sirrin kamfanin a ciki. Cire suna, lambar waya, BVN da NIN kafin ka liƙa komai. Kyamarar tsaro a shago ma a sa sanarwa cewa tana ɗauka, kuma kada ta kalli ɗakin gwada kaya.

Mataki na 7: Ranar da abin ya faru

Tun yau ka rubuta lambar kiran gaggawa ta bankinka da lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ka sa a walat, ka bai wa wani amintacce a gida. In an sace waya, banki za ka fara rufewa, sannan kamfanin layi, sannan ka canza kalmar sirrin imel. In WhatsApp aka ƙwace, sake yin rajista da lambarka. Da ka shigar da sabbin lambobi shida za a fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya sa tasa lambar tabbatarwa mai hawa biyu, za ka jira kwana 7, amma shi ma yana waje. Ka adana hotunan saƙonni da lambar asusun da aka tura kuɗi, ka kai wa banki da 'yan sanda ko EFCC. Idan bayanan da suka fita za su iya jefa mutane cikin haɗari, doka ta ba da awa 72 a sanar da NDPC.

Kwastomomi kuwa kada a jira awa 72, kuma kada kunya ta hana. Ari wayar maƙwabci, ka fara da waɗanda ke shirin turo maka kuɗi a ranar, ka ce musu: "Hajiya, ni ne. An sace min WhatsApp. Duk saƙon da ya zo da sunana kada ki tura komai, asusuna bai canza ba. Don Allah ki faɗa wa sauran."